Gani Ya Kori Ji: Yadda Ake Kunna Cikakken Nod na Bitcoin da Umarnin Rubutu, da Abin da Zai Ci Maka

Idan ka buɗe walet ɗin kirifto a wayarka ya nuna maka cewa kuɗi sun shigo, wa ya gaya masa? Wayarka ba ta riƙe da tarihin cinikin Bitcoin, ba ta ma da wurin da za ta ajiye shi. Abin da manhajar ke yi shi ne ta tambayi sabar wani kamfani, sabar ta ba ta amsa, ita kuma ta rubuta maka a allo. Galibi amsar gaskiya ce, amma kai dai jiyau ne. Bayan haka, duk lokacin da aka yi wannan tambaya, mai sabar yana ganin adireshin walet ɗinka, da abin da ke ciki, da lambar IP ɗin da ka shigo da ita.

Cikakken nod shi ne maganin wannan dogaro. Kwamfuta ce da ke gudanar da manhajar Bitcoin, ta sauke dukkan shafukan kundin ciniki, waɗanda ake kira bulok, tun daga na farko da Satoshi Nakamoto ya haƙa ranar 3 ga Janairun 2009 har zuwa na yau, ta kuma binciki kowane ɗaya da kanta. Manhajar da aka fi amfani da ita ita ce Bitcoin Core, kyauta ce, kuma lambobinta a buɗe suke a GitHub. A wannan rubutu za mu bi ta mataki-mataki a kan Linux, ba tare da linzami ba, sai umarnin da ake rubutawa a baƙin allon Terminal.

Nod ba mainin ba ne

Gara a faɗi wannan tun da wuri. Duk wanda ya ga yadda matasa suka duƙufa kan Notcoin da Hamster Kombat a Telegram a 2024 ya san tambayar da za ta fara zuwa: nawa ake samu? Amsa ita ce ko sisi. Masu haƙa, wato masu mainin da manyan injinan ASIC, su ne ke karɓar lada idan sun samar da sabon bulok, kuma tun watan Afrilun 2024 ladar ta koma Bitcoin 3.125. Mai nod ba ya samar da bulok, aikinsa tantancewa. Saboda haka idan wani ya ce ka biya kuɗi ka sayi nod na Bitcoin za a riƙa turo maka riba duk mako, ka riƙe aljihunka.

To me ake samu? Nod ɗinka yana duba cewa kowane ciniki na ɗauke da sa hannun mai makullin sirri, cewa ba a kashe kuɗi ɗaya sau biyu ba, cewa mai haƙa bai ba wa kansa fiye da ladar da ƙa'ida ta yanka ba. Wannan ƙa'idar ta ƙarshe ita ce ke tsare iyakar Bitcoin miliyan 21, domin ladar tana rabuwa biyu bayan kowane bulok 210,000. Bulok ɗin da ya saɓa wa ɗaya daga cikin waɗannan, nod ɗinka zai yi watsi da shi, ko da babban kamfanin haƙa ne ya turo shi.

An ga amfanin wannan a 2017. Manyan kamfanonin kirifto da masu haƙa da ke riƙe da mafi yawan ƙarfin injinan duniya sun amince a birnin New York kan wani shiri mai suna SegWit2x, wanda zai ninka girman bulok. Masu gina Bitcoin Core da ɗimbin masu nod suka ƙi karɓar manhajar da ke ɗauke da canjin. A watan Nuwamba na shekarar aka janye shirin saboda bai samu yardar jama'a ba. Mai injin haƙa zai iya rubuta bulok, amma ba zai iya tilasta wa kwamfutarka ta karɓa ba.

Lissafi kafin ka fara

Abubuwa uku ne za su ci maka kuɗi: data, ma'adana da wuta.

Kundin Bitcoin ya wuce gigabayit 600, kuma kullum ƙaruwa yake yi. Dole nod ya sauke shi duka sau ɗaya. A layin da ke ba da megabit 10 a daƙiƙa ba tare da yankewa ba, saukewar kaɗai za ta ɗauki fiye da kwana biyar. Ka duba farashin gigabayit ɗaya a layinka ka ninka sau 600, za ka gane cewa wannan ba aikin datar waya ba ne. Sai dai a wurin da ake da intanet marar iyaka, ko ta wata dabara da za mu ambata a gaba. Bayan an gama saukewar farko nauyin yana raguwa sosai: ana samun sabon bulok kusan duk minti goma, wato kimanin 144 a rana. Idan kowanne ya kai megabayit 1.5 zuwa 2, bulok zalla ba za su kai gigabayit 10 a wata ba.

Idan kana son ajiye kundin gaba ɗaya, nemi SSD mai terabayit 1 aƙalla, 2 ya fi kwanciyar hankali. Tsohuwar ma'adana mai faifai, wato HDD, tana iya mayar da aikin kwanaki ya zama na makonni. Idan ba ka da wannan wuri, akwai tsarin datsewa: nod zai sauke kowane bulok, ya tantance, sannan ya goge tsofaffi. Da wannan, sararin gigabayit 30 ya isa. Amma a kula, datsewa wuri take ragewa, datar saukewar farko tana nan yadda take.

Game da kwamfuta, tsohuwar laftof mai ram gigabayit 4 zuwa 8 da aka sa wa Ubuntu ko Debian za ta yi. A inda wuta ke yawan ɗaukewa, laftof ta fi Raspberry Pi ko babbar kwamfutar tebur, saboda batirinta zai ba ka damar rufe manhajar yadda ya kamata.

Saukewa da tabbatar da cewa ba jabu ba ce

Daga bitcoincore.org ake sauke manhajar, ba daga wani mahaɗi da aka turo a WhatsApp ko Telegram ba. A misalin nan mun yi amfani da sigar 29.0 da ta fito a Afrilun 2025. Ka duba shafin ka sauya lambar da wadda ake ba da shawara a lokacin da kake karantawa.

wget https://bitcoincore.org/bin/bitcoin-core-29.0/bitcoin-29.0-x86_64-linux-gnu.tar.gz
wget https://bitcoincore.org/bin/bitcoin-core-29.0/SHA256SUMS
wget https://bitcoincore.org/bin/bitcoin-core-29.0/SHA256SUMS.asc

Mai Raspberry Pi zai nemi fayil mai aarch64 a sunansa maimakon x86_64. Fayil na biyu jerin tambarin lissafi ne na kowane fayil. Idan an taɓa ko harafi ɗaya a cikin manhajar, tambarin zai canza. Ga yadda ake dubawa:

sha256sum --ignore-missing --check SHA256SUMS

Kana son ganin OK a gaban sunan fayil ɗin. To amma idan ɓarawo ya sauya manhajar ya kuma sauya jerin tambarin fa? Nan fayil na uku ke shigowa. Yana ɗauke da sa hannun mutane da dama da kowannensu ya harhaɗa manhajar a tasa kwamfutar ya samu sakamako iri ɗaya.

git clone https://github.com/bitcoin-core/guix.sigs
gpg --import guix.sigs/builder-keys/*
gpg --verify SHA256SUMS.asc

Za ka ga layuka da yawa masu cewa Good signature. Gargaɗin da ke biyo baya na cewa ba ka tabbatar da masu makullan da kanka ba, wannan ba matsala ba ce. Wanda zai tsayar da kai shi ne BAD signature. Idan ka gan shi, goge fayil ɗin. Kada ka tsallake wannan mataki, domin manhajar jabu tana iya kwashe duk abin da ka ajiye a cikinta. Daga nan sai girkawa:

tar xzf bitcoin-29.0-x86_64-linux-gnu.tar.gz
sudo install -m 0755 -o root -g root -t /usr/local/bin bitcoin-29.0/bin/*

Manhajoji biyu ne za ka fi hulɗa da su. bitcoind shi ne nod ɗin kansa, yana aiki a bayan fage ba tare da wata fuska ba. bitcoin-cli kuma ɗan aike ne, kai ka rubuta tambaya, shi ya kai wa bitcoind ya dawo da amsa.

Fara da filin atisaye

Kafin ka ƙona ko gigabayit ɗaya, Bitcoin Core na da wani yanayi mai suna regtest. Kundi ne naka kai kaɗai a cikin kwamfutarka, ba ya buƙatar intanet, kuɗin cikinsa kuma na wasa ne.

bitcoind -regtest -daemon -fallbackfee=0.0001
bitcoin-cli -regtest createwallet gwaji
bitcoin-cli -regtest -generate 101
bitcoin-cli -regtest getbalance

Amsar da za ta fito ita ce 50.00000000. Me ya sa 50 kawai bayan ka haƙa bulok 101? Saboda ƙa'ida ta ce ba a taɓa ladar haƙa sai an ɗora bulok 100 a kanta. Ladar bulok na farko ce kaɗai ta nuna. Yanzu ƙirƙiri adireshi da getnewaddress, ka tura masa kuɗi da sendtoaddress, ka haƙa bulok ɗaya, sannan ka duba cinikin da gettransaction. A zama ɗaya za ka ga da idonka abin da kalmar tabbatarwa ke nufi, abin da bidiyo goma ba lallai su fahimtar da kai ba. Idan ka gama, rubuta bitcoin-cli -regtest stop. Duk bayanan gwajin suna cikin folda ~/.bitcoin/regtest, kana iya goge ta ka sake daga farko.

Fayil ɗin saiti

A Linux, Bitcoin Core na ajiye komai a ɓoyayyiyar folda ~/.bitcoin, kuma yana karanta saitinsa daga fayil mai suna bitcoin.conf. Ba ya ƙirƙirar shi da kansa a wannan folda, kai za ka rubuta.

nano ~/.bitcoin/bitcoin.conf

Ga saitin da ya dace da mai ƙaramar ma'adana da data mai tsada:

daemon=1
[main]
prune=10000
dbcache=2048
blocksonly=1
listen=0

Layin farko na sa nod ya koma bayan fage da zarar an kunna shi. [main] na nufin abin da ke ƙasa ya shafi ainihin Bitcoin ne kawai, ba zai taɓa filin atisayenka ba.

prune=10000 na cewa a riƙe kimanin gigabayit 10 na sababbin bulok. Mafi ƙarancin lambar da ake karɓa ita ce 550. A kan wannan akwai wata folda mai suna chainstate, wadda ke riƙe da jerin duk kuɗin da ba a kashe ba tukuna, ita ma ta wuce gigabayit 10. Nod mai datsewa ba ya iya amfani da txindex=1, saitin da ke ba da damar binciko kowane tsohon ciniki a tarihi. Haka kuma idan ka shigo da tsohon walet bayan an riga an goge tsofaffin bulok, nod ba zai iya gano tarihinsa ba. Wanda ke son haka ya shigar da walet ɗin tun farkon saukewa.

dbcache shi ne adadin ram da ka ba nod ya yi aiki da shi, a ma'aunin megabayit. An daɗe ana barin sa a 450. Ƙara shi na hanzarta saukewar farko ƙwarai. Mai ram gigabayit 8 zai iya ba da 2048 ko 4096, mai gigabayit 4 ya tsaya a 1024. Bayan an gama sai a cire layin.

blocksonly=1 na hana nod karɓar cinikin da ba su shiga bulok ba tukuna, wanda ke rage cin data sosai. Abin da za ka rasa shi ne ba za ka ga kuɗin da ke kan hanya ba sai sun tabbata, nod ba zai iya ƙiyasta maka kuɗin aikawa ba, walet ɗin cikinsa kuma ba zai watsa cinikinka da kansa ba. Ranar da za ka aika kuɗi, cire wannan layi ka sake kunna nod.

listen=0 na rufe ƙofa ga baƙin nod masu son haɗuwa da kai. Naka zai ci gaba da fita ya haɗu da kimanin guda goma, kuma tantancewarsa ba ta ragu da komai ba. Mai intanet marar iyaka da ke son taimaka wa wasu zai iya barin ƙofa ta 8333 a buɗe a rawutarsa, ya sa maxuploadtarget don ƙayyade abin da zai riƙa bayarwa a rana. Masu amfani da layin waya galibi suna raba lambar IP ɗaya da mutane da yawa, don haka ko sun buɗe ƙofar babu mai iso musu.

Kunnawa da sa ido

bitcoind
bitcoin-cli getblockchaininfo

A cikin amsar, duba wurare huɗu. headers shi ne adadin bulok da ke duniya, blocks kuma wanda naka ya tantance. verificationprogress na tafiya daga 0 zuwa 1. initialblockdownload zai koma false idan an kammala. Kada gudun farko ya ruɗe ka: bulok na shekarun 2009 zuwa 2012 kusan babu komai a cikinsu, nod zai haɗiye dubban ɗaruruwa cikin ɗan lokaci, sannan tafiya ta yi nauyi. Ka dogara da verificationprogress, ba yawan bulok ba.

Don ganin abin da ke faruwa kai tsaye, rubuta tail -f ~/.bitcoin/debug.log. Umarnin getconnectioncount zai gaya maka nod nawa kake haɗe da su, getnettotals kuma ya nuna datar da ka ci tun kunnawa. Idan kana son dakatar da cin data ba tare da kashe nod ba, akwai setnetworkactive false, sai ka mayar da true idan ka shirya.

Ga dabarar da muka yi alkawari. Idan wani abokinka yana da nod da bai datse ba, kuma ƙofarsa a buɗe take, ku haɗa kwamfutocinku a rawuta ɗaya, ka kunna naka haka, da lambar kwamfutarsa:

bitcoind -connect=192.168.0.10

Duk kundin zai bi ta wayar gida, ba ta intanet ba. Ba sai ka amince da shi ba, domin nod ɗinka zai binciki abin da ya karɓa kamar daga baƙo ya zo. Idan an gama sai ka kashe, ka sake kunnawa ba tare da wannan ƙari ba. Ta haka ƙungiyar ɗalibai ko cibiyar koyon kwamfuta za ta biya kuɗin saukewa sau ɗaya, kowa ya amfana.

Ranar da aka kammala, gwada wannan:

bitcoin-cli gettxoutsetinfo

Zai ɗauki 'yan mintuna. Layin total_amount shi ne jimillar Bitcoin da ke hannun mutane, a kusa da miliyan 20. Kwamfutarka ce ta ƙirga, ba wani shafi ya gaya maka ba.

Abubuwa uku da ke jawo kuka

Na farko, kashewar gaggawa. Koyaushe ka rubuta bitcoin-cli stop, ka jira debug.log ya nuna Shutdown: done kafin ka rufe kwamfuta. Idan dbcache babba ne, wannan na iya ɗaukar mintuna. Idan wuta ta ɗauke ba shiri, yawanci nod na farfaɗowa, sai dai ya maimaita aikin da ke cikin ram. Wani lokaci kuma bayanan kan lalace. Mai cikakken kundi zai gyara da -reindex daga abin da ke ma'adanarsa. Mai datsewa kuwa ya riga ya goge tsofaffin bulok, sai ya sake sauke gigabayit 600 daga farko. Don haka bayan kammalawa, kashe nod ka kwafi foldar ~/.bitcoin zuwa wata ma'adana ka ajiye.

Na biyu, ƙofa ta 8332. Ta nan bitcoin-cli ke ba da umarni, har da na fitar da kuɗi. A asali ba ta sauraron kowa sai kwamfutar kanta, kuma tana amfani da wani fayil mai suna .cookie a matsayin kalmar sirri. Idan ka ga wani darasi a intanet ya ce ka sa rpcallowip=0.0.0.0/0, ka sani ƙofar ɗakinka yake cewa ka cire. Kada ka rikita ta da 8333.

Na uku, barin tsohuwar siga. Bitcoin Core ba ya sabunta kansa, da gangan aka yi haka don kada wani ya cusa wa kowa canji. A watan Agustan 2010 wani kuskure ya ba da damar ƙirƙirar Bitcoin fiye da biliyan 184 a bulok ɗaya, aka toshe shi cikin sa'o'i. A Satumbar 2018 an sake gano wani babban kuskure, aka gyara a sigar 0.16.3. Ka riƙa leƙa shafin manhajar, kuma duk sabuwar siga ka tantance ta kamar ta farko.

Ina waya ta shigo?

Wayarka za ta iya zama linzamin nod. Sa openssh-server a laftof, ka sauke Termux daga F-Droid, sannan:

pkg install openssh
ssh sunanka@192.168.0.10

Daga nan duk umarnin da ke sama za ka iya rubuta su daga kan gado. Haɗa walet na waya da nod kuma na buƙatar ƙarin manhaja irin su electrs ko Fulcrum, waɗanda ke son kundin da ba a datse ba. BlueWallet na ba da damar shigar da adireshin irin wannan saba taka. A kwamfuta kuwa, Sparrow na iya haɗuwa da Bitcoin Core kai tsaye. Sai ka yi wannan haɗin ne nod zai fara amsa tambayar da walet ɗinka ke yi. Nod da ke aiki a kusurwar ɗaki alhali walet na tambayar sabar kamfani bai kare ka daga komai ba. Kuma nod ba ya maye gurbin kalmomi 12 ko 24 na walet ɗinka, tsaronsu yana wuyanka.

Mai sha'awar Ethereum ya sani cewa nasu ya fi nauyi. Tun Satumbar 2022 sai an gudanar da manhajoji biyu tare, misali Geth da Lighthouse, a kan SSD mai terabayit 2.

Wa ya kamata ya yi?

Idan Bitcoin ɗinka na 'yan dubban naira ne, kuɗin data zai fi abin da kake karewa. Idan kana karɓar biyan kuɗi da shi a kai a kai, ko kana ajiyar da rasa ta za ta girgiza ka, ko kana son gina manhaja a kansa, to lissafin ya canza. Ga mai koyon shirye-shiryen kwamfuta kuwa, ribar na nan ko bai taɓa sayen kirifto ba: Linux, SSH, GPG, karanta bayanan manhaja da gyara fayil ɗin saiti, duk abubuwa ne da ake tambaya a wurin ɗaukar aiki.

Fayil ɗin manhajar bai kai megabayit 100 ba, regtest kuma ba ya cin data ko kaɗan. Ka fara da shi a wannan makon, ka haƙa bulok 101 ɗinka, ka tura wa kanka kuɗin wasa. Idan hannunka ya faɗa, sai ka zauna da abokai ku yi lissafin gigabayit 600 ɗin.